Sabon kamshaf a injin Silverado: sai an auna tsakanin bawul da fistan?

Mai Silverado, Makka: Salamu alaikum. Na sa a ɗaura mini kamshaf mai zafi, wato sandar buɗe bawul mai ƙara wa inji ƙarfi, a injin 6.2 don hawan rairayi. Wanda ya sayar mini ya ce tunda ɗagawar bawul ba ta kai inci 0.600 ba, babu buƙatar auna komai. Makanikena kuma ya ƙi rufe injin sai ya auna. Wa ke da gaskiya?

Mai kayan gyara, Riyad: Wa alaikumus salam. Mai sayarwa ya yi daidai, Alhaji. Irin wannan na sayar da shi da yawa, ba wanda ya dawo. Kuɗin aiki kawai za a ƙara maka.

Baba mai warsha, Sana'iyar Jidda: A'a, ɗana, wannan maganar ce take jawo wa mutane asara. Lokacin da bawul ya buɗe gaba ɗaya, fistan ya yi nisa ƙasa, ba sa haɗuwa. Hatsarin yana wajen da fistan ya iso sama a ƙarshen fitar hayaƙi, bawul biyu duk a ɗan buɗe. Na hayaƙi yana rufewa fistan na bin bayansa, wajen digiri 10 kafin fistan ya kai ƙololuwa. Na shan iska yana buɗewa yana bin fistan, wajen digiri 10 bayanta. To abin dubawa shi ne daɗewar buɗewa da yadda aka saita taimin. Ka tura kamshaf gaba, na shan iska ya matso kusa da fistan. Ka ja shi baya, na hayaƙi ne zai matso.

Mai kayan gyara, Riyad: Baba, ban musa ba, amma kamfanin da ya ƙera ai ya gwada a irin injin nan.

Baba mai warsha, Sana'iyar Jidda: A injin da ba a taɓa ba ya gwada. Alhaji, an taɓa kankare kan silinda?

Mai Silverado, Makka: An kankare bara, da ya yi zafi.

Direba, Madina: To Alhaji ka saurari Baba. Ni haka ta faru da ni, kan silinda kankararre da gasket siriri. Injin ya tashi lafiya lau a warsha, rana ta uku na taka shi sosai, bawul huɗu suka lanƙwashe. Har yau abin na yi mini ciwo.

Mai kayan gyara, Riyad: Wannan sifirin ɗin bawul ɗinka ne ya gaza, Malam, ba rashin awo ba.

Baba mai warsha, Sana'iyar Jidda: Ko da sifirin ne, ai don haka ake barin tazara. Aƙalla milimita 2 a na shan iska, 2.5 a na hayaƙi, saboda shi ke cin wuta yana miƙewa. Ni salsal, wato yumɓun wasan yara, nake shimfiɗawa kan fistan, in shafa wa bawul mai, in ɗaura kai da gasket, in juya injin da hannu zagaye biyu. Ka ji ya cije, tsaya, kada ka tilasta. Sai in cire in yanka salsal ɗin in auna kaurinsa. Amma a sa tafet daskararre wajen gwajin; tafet shi ne abin da kamshaf ke turawa ya buɗe bawul. Tafet mai aiki da mai yana nutsewa, ya nuna maka tazarar da babu ita.

Yaron warsha, Jidda: Baba, in ba a cire kan ba fa?

Baba mai warsha, Sana'iyar Jidda: Sifirin mai laushi da agogon awo. Kana juyawa digiri biyu-biyu, kana danna bawul da yatsa har ya taɓa fistan.

Mai kayan gyara, Riyad: Wanda aka kankare na yarda a auna. Wanda ba a taɓa ba ina nan kan bakana.

Mai Silverado, Makka: Na kira makaniken, na ce ya auna. Baba, in tazarar ta kasa, gasket mai kauri zan sa ko a fafe fistan?