Neman shawara: ku fahimtar da ni sassan ƙofar ruwan kanal kafin mu hau jirgi

Baban Zainab: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Birmingham. Na kama hayar siririn jirgin ruwan nan na kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa, ni da iyali za mu bi hanyar Worcester. Sai yanzu nake jin cewa a Tardebigge akwai matakan ruwa 30 a jere, kuma matafiyi ne ke buɗe ƙofofin da hannunsa. Masu jirgin za su yi mana bayani ranar tashi, amma ina so in fahimta tun yanzu saboda da yara za mu tafi. Don Allah wanda ya sani, mene ne sassan ƙofar, me kowanne ke yi, kuma ina haɗarin yake?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da wannan: kowane mataki ɗaki ne na ruwa, ƙofa a sama, ƙofa a ƙasa. A siraran kanal na Ingila faɗin ɗakin ƙafa 7 ne, tsawonsa ƙafa 70 da 'yan kai. Jirgi ya shiga, a rufe, a cika ɗakin ko a rage shi har ruwansa ya yi daidai da na gaba.

Inda ƙofa ke da ƙyaure biyu, ba sa haɗuwa a miƙe. Suna haɗuwa ne da tsini, tsinin na fuskantar ɓangaren da ruwa ya fi tudu. To ruwan da kansa ke danna su, yana ƙara matse bakinsu. Shi ya sa ba za ka ga sakata ko kwaɗo ba. Ana danganta wannan fasali da Leonardo da Vinci a Milan, ƙarshen ƙarni na 15, kuma irinsa aka sa a mashigin Panama da aka buɗe a 1914.

Kowane ƙyaure na da dirka biyu a tsaye. Dirkar gindi ita ce ta jikin bango, tana kwance cikin wani kwarmi da aka sassaƙa daidai da ita don kada ruwa ya zurara. Ƙasanta na juyawa a kan ƙusar ƙarfe da turminta, samanta kuma an ɗaure shi da zoben ƙarfe da aka kafe a dutsen bakin ɗakin. Dirkar baki ita ce ke haɗuwa da ta ɗaya ƙyauren. Sai doguwar azarar da ta miƙo kan tudu, mai farin fenti a ƙarshe. Aikinta biyu: da ita ake tura ƙofa, kuma nauyinta ke hana ƙyauren rinjaya ya sunkuya. Yawanci da katakon oak ake yin ƙofofin, suna kai wajen shekara 25. Hukumar Canal & River Trust na ƙera su a Bradley da Stanley Ferry.

Maman Abba: Yaya, ni abin da zan ƙara shi ne tagar ruwa, wadda suke kira fadul. Allo ne da ke toshe ramin da ruwa ke bi. Wata a jikin ƙyaure take, wata a ƙasa, ruwanta na bi ta kwalbati a cikin bango. Za a ba ka hannun juyawa na ƙarfe, windilas, ka zura shi a kan sandar tagar, ka juya, haƙoran ƙarfe su ɗaga allon. Akwai ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa tsakanin haƙoran yana hana allon komawa. Ka tabbata ya zauna kafin ka fara juyawa. Kuma kada ka taɓa barin windilas a maƙale ka sake shi. In harshen ya zame, juyawa zai yi da ƙarfi, yana iya karya hannu ko haƙori. Wajen rufewa ma a hankali ake saukar da allon, ba a sakinsa ya faɗi.

Baban Zainab: Na gode, Hajiya. To in na tura azarar ta ƙi motsi fa?

Injiniya: Ruwan bai daidaita ba ke nan. Ko tazarar 'yan inci ce tsakanin ciki da waje, ƙato ba zai iya buɗe ta ba. Ka jira. Idan ya daidaita, ka jingina bayanka da azarar ka riƙa ja da baya, kana taka tubalan da aka ɗan tayar a ƙasa don ƙafa.

Malam Na Leeds: Duk ba ku faɗi wanda ya fi ba ni tsoro ba, wato dokin ƙofa, sil. Dakali ne na dutse ko kankare a ƙarƙashin ƙofar sama, ya ɗan shigo cikin ɗakin. Idan ɗaki a cike yake ba a ganinsa. Kana gangarawa, ruwa na raguwa, in bayan jirgi na kansa sai ya maƙale, gaba ya ci gaba da sauka, ruwa ya shigo. Ta haka jirage ke nutsewa a cikin ɗaki. Akwai farin layi a bakin bango da ke nuna iyakarsa, jirginka ya tsaya gaba da layin. Da ka ga jirgi ya karkata, a rufe duk tagogi nan take, sannan a sako ruwa kaɗan-kaɗan daga sama har ya taso.

Wajen hawa kuma, inda ƙofar sama ke da irin tagogin duka biyun, ka fara buɗe wadda ruwanta ke bi ta kwalbati. Ta jikin ƙyaure sai ruwa ya rufe ta, in ba haka ba kan gaban jirgin zai kwararo.

Maman Abba: Batun yara, su sa rigar ceto, kuma kada su tsallaka ta kan katakon ƙofa su kaɗai. Bakin ɗakin na da santsi idan an yi ruwan sama. Mutum ɗaya ya zauna a kan matuƙi, idonsa a kan jirgi, ɗaya a kan tagogi, kuma kada a ɗaga ko ɗaya sai matuƙi ya ɗaga hannu.

Baban Zainab: Allah ya saka muku da alheri. Uwargida za ta riƙe tuƙi, ni zan yi ƙofofin. Yaran kuma a cikin jirgi za su zauna har mu wuce Tardebigge.