Kayan gitar Yaya: na wa ne, kuma wa za a sayar wa?

Ƙanen Marigayi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Da yawanku kun zo mana gaisuwar rasuwar Yaya, Allah ya ba da lada. Ranar Lahadi muka yi sadakar arba'in, yanzu kuma maganar kayansa ta taso. Ni tela ne, ban san komai a kan gita ba. Jiya na buɗe ɗakin soron da yake ajiye kayan kiɗa a gidanmu na Birni, nan Damagaram. Akwai gita biyu masu aiki da kuran, ɗaya ja an rubuta mata Fender, sai gitar katako ɗaya, ampili babba da ƙarami, lasifika biyu, fedal uku na Boss da ake takawa don canza sautin gita, jakar wayoyi, da kwalin kaset da littattafan da yake rubuta waƙa. Jar gitar na jingine yadda ya bar ta, hularsa rataye a kanta. Na daɗe tsaye ban iya taɓa ta ba.

Abin da ya dame ni uku ne. Abokansa na orkes sun ce babban ampili da lasifikan da kuɗin ƙungiya aka saye su. Yaronsa da yake koya wa kiɗa yana riƙe da wata gita Yamaha, ya ce kyauta Yaya ya ba shi. Sannan wani dillali daga kasuwar Dole ya leƙo ya taya duka kayan ɗakin jika 200, ya ce ko yau zai biya. Yaya ya bar mata ɗaya, ɗa namiji mai shekara 11, ƴan mata biyu ƙanana, ga Inna tana da rai. Ku ba ni shawara don Allah.

Hajiya ta Zango: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Ɗana, kafin kowa ya ce komai, ka koma ka kulle ɗakin nan, makulli ya zauna hannun Inna. Kada ka sake buɗewa kai kaɗai. Duk ranar da za a shiga, a shiga da mutum ɗaya daga dangin matarsa. Ba don ana zarginka ba, don bakin mutane ne, kuma don yaran nan za su girma su yi tambaya. Dillali kuwa ka ba shi haƙuri. Wanda ya zo taya kaya a dunƙule gidan makoki ya san abin da ya hango.

Malamin Zaure: Allah ya gafarta masa. Maganar Hajiya ita ce farko. Abu na biyu, ƙanena, kuma na san za ka karɓa da zuciya ɗaya: tunda ya bar ɗa namiji, kai ba ka cikin magada. Ɗa yana katange ɗan'uwa. Kai amana ce a hannunka, ba ka da ikon sayar da ko tsirkiya ɗaya sai da izinin masu haƙƙi da wanda aka naɗa ya tsaya wa marayu.

Tsarin kuwa sananne ne. A fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in akwai, muddin ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura. In mahaifinku ya riga shi rasuwa, lissafin gidanku daga 96 yake fita: matarsa sumuni, kashi 12, Inna sudusi, kashi 16, saura 68 na yara ne, namiji 34, kowace mace 17. Ka ga ke nan fiye da kashi biyu cikin uku na kowane abu a ɗakin nan dukiyar marayu ce. Shi ya sa ba a yi mata sayarwar gaggawa.

Ƙanen Marigayi: Baba ya rasu tun muna yara, Malam. Wallahi ni ba na neman komai, so nake in fita haƙƙinsu. To maganar Yamaha fa?

Malamin Zaure: A Malikiyya kyauta tana tabbata da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In ya ce "na ba ka" amma gitar ta ci gaba da kwana a ɗakinsa har ya rasu, ta koma cikin gado. In kuma a ciwon ajali ya bayar, hukuncin wasiyya take ɗauka, daga sulusi. Tunda gitar tana hannun yaron, tambayar da ta rage ita ce: aro ne ko kyauta? A nemi waɗanda suka ji da kunnensu. Kada a tozarta yaron, kada kuma a bar masa don kunya, domin baligi zai iya yafe rabonsa, na maraya kuwa ba mai yafe shi.

Tsohon Ɗan Orkes: Ni zan yi magana a kan ampili, don na ga irin wannan da idona. Shekarun baya da mai gitarmu ya rasu, ba mu da takarda ko ɗaya. Kowane biki muka yi sai mu cire wani abu mu jefa a asusu, da shi muka sayi kaya, amma a ɗakinsa ake ajiyewa saboda shi ke da wuri. Danginsa suka ce duk abin da ke ɗakinsa nasa ne. Muka yi wata bakwai ba ma gaisawa da mutanen da muke cin tuwo a gidansu. Ƙarshe aka sayar da kayan da arha, ƙungiya ta watse, har yau abin yana cina.

Saboda haka ka kira ƴan orkes ɗin nan su zo gaban mai unguwa. A tambaye su: yaushe aka saya, a hannun wa, nawa, su nawa suka zuba? Kusan kowace ƙungiya tana da mai riƙe littafin kuɗi, ko da na makaranta ne mai bango shuɗi. In ta tabbata na tarayya ne, marigayi yana da kasonsa a ciki, wannan kason shi ne gado. Sai a yi wa kayan kuɗi, ƙungiya ta biya magada nasu ta riƙe kayanta. Ko da kaɗan-kaɗan ne bayan kowane biki, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Ɗalibi a Yamai: Kawu, wannan rigimar har a Amurka an yi ta. Jerry Garcia na ƙungiyar Grateful Dead ya rasu a 1995, ya bar wasiyya cewa gitocin da Doug Irwin ya haɗa masa a mayar wa Irwin. Ƙungiya ta ce da kuɗinta aka saye su, ba nasa ba ne balle ya bayar. Sai a 2001 suka sasanta, Irwin ya samu biyu, waɗanda ake kira Wolf da Tiger. Da aka yi gwanjonsu a 2002, Tiger ta tashi dala 957,500, Wolf dala 789,500. Na kawo wannan ne don a ga ko da wasiyya a rubuce sai da aka shekara shida ana ja, saboda ba a bambance nasa da na ƙungiya tun yana raye ba.

Mai Gyaran Rediyo: Gaskiya ne, amma kada kuɗin nan su shiga kan kowa. Can sunan mutum aka saya. A Damagaram mai saye lafiyar kaya yake dubawa. Ƙanena, ka ɗauki hoton bayan kan jar gitar, inda kunnuwan ɗaure tsirkiya suke, da gaban kan, da ƙarfen nan mai kusoshi huɗu da ke haɗa wuya da jiki. Ka turo nan. Fender kala-kala ce. Akwai ta Amurka, akwai ta Mekziko, akwai ta Japan, akwai Squier wadda ƙaramar ƴar gidansu ce mai sauƙin kuɗi, akwai kuma wadda aka liƙa wa suna kawai. Lambar da ke kai ita ke faɗa. Ta Mekziko ta shekarun 1990 da MN take farawa, ta shekarun 2000 da MZ, daga 2010 kuma MX.

Na roƙe ka kada ka jona ampili a kuran kafin ka karanta bayansa. Namu bolt 220 ne. Kayan da aka shigo da su daga Amurka da yawa 110 zuwa 120 suke sha, sai da taransifo. An sha kawo mini wanda aka jona kai tsaye, hayaƙi ɗaya ya gama. Ka duba ko akwai wani akwatin ƙarfe mai nauyi kusa da shi, in akwai to nasa ne, kada a raba su. Kada kuma kowa ya kwance bayan ampili ya sa hannu, yana riƙe wuta ko a kashe yake. Fedal ɗin Boss kuwa, ka kwance ƴar kusar da ke gabansu ka ɗaga murfi ka cire batir mai bolt 9 da ke ciki. In ya kwana biyu yana zubar da ruwa ya cinye wayoyin.

Ɗan Agadas: Allah ya jiƙan rai. Ƙari a kan maganar Yaya mai gyara: ku ɗauke gitocin daga jikin bango da ƙasa saboda gara, ku sassauta tsirkiya kaɗan, kowace ta shiga jakarta. Hunturu na busar da katako har ƙarafunan wuya su fito suna yankar hannu, ta katakon ma fuskarta kan tsage. Ɗakin kwano da rana bai dace da su ba.

Kasuwa kuwa, in Fender ɗin ta gaske ce, Agadas za ta fi daraja. Nan kusan kowane biki da gita ake yin sa, samari sun taso suna kallon Bombino da Mdou Moctar, kowa burinsa ya riƙe irin wannan. A yi bidiyo wani yana kaɗa ta, a nuna lamba, in saka a zaurukan makaɗa. Amma mai saye ya zo ko ya turo wakili ya gwada a gabanku. Kada ku ɗora ta a mota ta Tanut kafin kuɗi su shigo hannu.

Dillaliyar Sabon Gari: Ni sana'ata ce, bari in faɗa muku yadda muke lissafi. Mai tayin dunƙule abu ɗaya yake so a ciki, sauran riba ce. Ku rarraba. Lasifika da ƙaramin ampili masu haya a biki da makarantu za su saya nan cikin gari. Fedal a sayar tare, makaɗa ne kawai suka san su. Kowane abu a samu tayi uku daga mutum uku da ba su san juna ba, a rubuta. Kano ma akwai masu saye, majami'un Sabon Gari suna amfani da irin kayan nan, sai dai a yi ciniki da sefa, in an yi da naira canji zai iya cinye ribar kafin a dawo gida.

Hajiya ta Zango: Malam, ni akwai abin da ke raina. Kuɗin gita ya halatta a ciyar da marayu da shi? Gara a tambaya yanzu da a zo ana ƙus-ƙus daga baya.

Malamin Zaure: Tambaya ce mai kyau, Hajiya. Yawancin malaman mazhabarmu sun tsananta a kan cinikin kayan kiɗa masu tsirkiya. Akwai kuma waɗanda suka halatta, kamar Ibn Hazm na Andalus. Ampili da lasifika ba su shiga wannan saɓanin kai tsaye, da irinsu ake wa'azi da kiran salla. Ba zan yanke muku a zaure ba. Ku gabatar da ita ga malamin da zai raba gadon, a gaban matarsa da Inna, abin da aka tsaya a kai kowa ya ji da kunnensa. Matar tana takaba, wata huɗu da kwana goma, sai a yi zaman a cikin gida don kada a yanke komai ba ta nan.

Ɗalibi a Yamai: Kwalin kaset da littattafan nan kada su bi kayan sayarwa. Sayar da gita daban, haƙƙin waƙa daban. In ya taɓa rajista da BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa, abin da waƙoƙinsa ke samu na magada ne. Ku duba cikin takardunsa ko akwai katinsu. In kun turo mini hoton katin da takardar rasuwa da ta taron dangi, zan je in tambaya. Kaset ɗin kuma a juye su a kwamfuta tun zafi bai lalata su ba.

Ƙanen Marigayi: Jama'a na gode, kwana huɗu ban leƙo ba, ga inda aka kwana. Mun shiga ɗakin ni da wan matarsa da mai unguwa, mun rubuta komai, kofi uku. Mai littafin orkes ya kawo littafinsa, babban ampili da lasifika na su shida ne, sun yarda su biya kason Yaya kafin Babbar Salla. Ƙaramin ampili nasa ne, kuma 120 ne, taransifonsa na ƙarƙashin gado, Allah ya sa ban jona ba. Mutum biyu sun shaida suna wurin da Yaya ya miƙa wa yaronsa Yamaha shekara biyu da suka wuce, ya ce ya bar masa. Yaron ya yi ta kuka da aka ce ya riƙe abinsa. Mun kuma gano bashin jika 35 na wani mai shago, za a fara fitar da shi.

Ga hotunan jar gitar. Lambar da MN6 ta fara.

Mai Gyaran Rediyo: Alama ta Mekziko ce, wajen 1996. Ka kawo ta shago ranar Asabar da safe in kwance wuyan, akwai tambarin kwanan wata a gindinsa, sai mu tabbatar ba canza mata wuya aka yi ba. In ta tabbata, ita kaɗai ba za a bayar da ita a kuɗin da dillalin nan ya taya duka ɗakin ba.

Ƙanen Marigayi: Zan kawo in sha Allahu. Sai dai akwai wata magana. Daren jiya ɗan Yaya namiji ya same ni a zaure, ya ce Baba, in za a sayar da komai a bar masa ta katakon, da ita mahaifinsa ke koya masa bayan la'asar. Uwarsa ta ce in malam ya yarda a yi mata kuɗi a cire daga rabonsa. Malam, hakan zai yiwu?

Malamin Zaure: Zai yiwu, in wanda ke tsaya masa ya ga maslaha, aka kuma yi mata kuɗin gaskiya don kada a tauye ƙannensa mata. A rubuta ta da kuɗinta a takardar rabo. Ku zo da ita zaman Juma'a, tare da tayi ukun da Dillaliya ta ce.