Wane akwatin bes ne zai shiga Keke Napep kuma ganguna ba za su danne shi ba?

Mai Tsirkiya Biyar:

Salamu alaikum jama'a. Ina kaɗa jitar bes mai tsirkiya biyar a wata ƙungiya mai mutum shida: ganguna, kibod, jita, bes da mawaƙa biyu. Yawancin aikinmu biki ne a ɗakin taro mai ɗaukar mutum 150 zuwa 300, wani lokaci a waje ƙarƙashin rumfa. Ina neman kayan da zan iya ɗauka ni kaɗai in saka a Keke Napep. An nuna mini kwambo, wato amfilifaya da sifika a akwati ɗaya, mai sifika ɗaya inci 15, an kuma nuna mini ƙaramin amfilifaya mai wat 500 da ake haɗa shi da akwati daban. Wanne ya fi? Kuma me ake nufi da om 4 da om 8 da ake rubutawa a bayan akwati? Wani ya ce in sayi mai om 4 don in samu wat ɗina cif.

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara cire ido daga lambar wat tukuna, domin ita ce ta fi cin kuɗin mutane a banza. Idan ka ninka wat daga 250 zuwa 500, ƙarin da za ka samu desibel 3 ne kacal (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara): kunne zai ji an ɗan ƙara, shi ke nan. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ninki goma. Abin da ke sa a ji bes a ƙirji shi ne yawan iskar da kwalin sifika ke turawa. Faɗin kwalin inci 10 bai wuce murabba'in santimita 340 ba, na inci 12 kusan 520, na inci 15 kusan 850. Ka ga ke nan inci 12 guda biyu sun haura 1000, sun wuce inci 15 guda ɗaya, kuma kana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, ba a dunƙule ba.

Don haka shawarata: ƙaramin amfilifaya irin na zamani da ake kira aji D, wanda nauyinsa ba ya wuce kilo 2 zuwa 3, da akwati biyu iri ɗaya masu sifika inci 12, kowanne om 8. In kuɗi bai kai ba ka fara da ɗaya, ka ƙaro ɗan'uwansa daga baya. Ranar gwaji ko ƙaramin taro ka ɗauki ɗaya, ranar rumfa ka ɗauki biyu.

Maganar om kuwa, wanda ya ba ka shawarar om 4 ya faɗi rabin gaskiya. Om shi ne yadda akwati ke tare wutar da amfilifaya ke turo masa. In lambar ta yi ƙasa, amfilifaya ya fi zubo wuta, ya kuma fi ɗaukar zafi. Misali, amfilifayan Markbass Little Mark na ba da wat 500 a om 4, 300 a om 8. Aguilar Tone Hammer 500 na ba da 500 a om 4, 250 a om 8. To amma yawancin waɗannan ƙananan amfilifayoyi om 4 ne iyakarsu. Ramuka biyun da ake jona akwatuna a bayansu a haɗe suke kafaɗa da kafaɗa, don haka in ka jona akwati biyu lambar om raguwa take yi, lissafin kuwa haka yake: 8 da 8 su ba ka 4, lafiya lau, 8 da 4 su ba ka 2.67, 4 da 4 su ba ka 2. Waɗannan biyun na ƙarshe za su sa amfilifaya ya yi zafi ya kashe kansa ana tsakiyar waƙa, in ma bai ƙone ba. Wanda ya sayi akwati mai om 4 guda ɗaya ya rufe wa kansa ƙofar ƙari. Kuma sifika inci 12 guda ɗaya ba za ta iya cinye wat 500 na bes ba. Tun kafin a kai can kwalin ya kai iyakar tafiyarsa, ka ji yana fat-fat kamar tutar da iska ke kaɗawa. Amma akwati na biyu mai om 8 na ba ka riba biyu a lokaci guda: faɗin kwali ya ninka, amfilifaya kuma ya saki cikakken ƙarfinsa. A ƙananan sautuka ƙarin na iya kusantar desibel 6.

Tsirkiyarka ta biyar ita ce za ta fi wahalar da ƙaramin akwati. Tsirkiyar E tana kaɗawa a Hz 41, wato sau 41 a daƙiƙa, B ɗinka kuwa, ta biyar ɗin, a 31. Ƙananan akwatuna masu ramin iska galibi an daidaita su tsakanin Hz 40 da 50. Ƙasa da inda aka daidaita ramin, iskar cikin akwati ba ta riƙe kwali kuma, sai ya yi ta lilo ba tare da sauti ba, ƙarshe koyil, wato naɗin wayar da ke motsa kwalin, ya daki ƙarfen baya ko kwalin ya yage. Maganinsa matatar da ke yanke sautukan can ƙasa, wadda ake rubuta wa HPF. In amfilifayan na da ita, ka sa ta tsakanin 35 da 45. In babu, akwai ƙaramar feda da ke yin wannan aiki. Kada ka ji tsoron B zai ɓace: abin da kunne ke kamawa a B galibi 62 ne da 93, ba 31 ɗin kansa ba.

Da nauyi: ka nemi sifika mai maganaɗisun neodymium. Akwatin inci 12 mai irinsa na zuwa kilo 11 zuwa 14, mai tsohon baƙin maganaɗisu kuwa yakan haura 18.

Mai Mikisa:

Ban ƙi ta Injiniya ba, amma kada a raina kwambo. Fender Rumble 500 sifika biyu ce inci 10, nauyinsa kusan kilo 16 da rabi, yana ba da wat 350 shi kaɗai, 500 in an ƙara masa akwati mai om 8. Hannu ɗaya, waya ɗaya, babu abin da za ka manta a gida. Aibinsa shi ne in amfilifayan ya lalace, duk kayan sun tafi wurin mai gyara tare.

Abin da ya fi damuna a matsayin wanda ke zaune bayan mikisa: mutum 300 a waje ba aikin akwatinka ba ne. Ko akwatin Ampeg mai sifika takwas ɗin nan mai kilo sittin da wani abu ka jawo, fili zai shanye shi, tunda babu bangon da zai dawo da sauti. Ka tabbata amfilifayan da za ka saya yana da mafitar DI, wato ramin da ke tura sauti kai tsaye zuwa mikisa, mai ƙafa uku irin ta makirfo da ake kira XLR. Daga nan a ja wayar makirfo zuwa mikisa, manyan sifikun taro su ɗauki nauyin jama'a, naka akwatin ya zama na ka ji kanka kai da mai ganguna. Akwai maɓalli kusa da ita mai PRE da POST. Ka bar shi a PRE, don in ka murɗa abin gyaran sautinka a dandamali kada ya canja abin da ke fita wa jama'a. In aka haɗa aka ji gurnani mai dogon zango, wannan Hz 50 ne na wutar gari yana zagayawa ta wayar ƙasa, sai ka danna maɓallin GND LIFT. Kada ka yarda wani ya karya ƙafar ƙasa ta filogin wuta wai don kashe gurnani. Tsirkiyoyin jita ƙarfe ne kuma a haɗe suke da jikin amfilifaya, hannunka na kansu, leɓenka na kusa da makirfo.

Mai Tsirkiya Biyar:

Na gode ƙwarai, Yallaɓai, Allah ya ƙara basira. Na fahimci maganar om. Saura biyu: amfilifayan da aka nuna mini na hannu ne, an ce daga Amurka aka kawo shi. Kuma akwai kafintan da ya ce zai haɗa mini akwati da rabin kuɗi in na sayo sifikar.

Mai Gyaran Amf:

Tsaya nan, Malam, kafin ka cusa filogi. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Ka juya bayan amfilifayan ka karanta rubutun da ke kusa da ramin wayar wuta. In an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa. In akwai ɗan jan maɓalli mai 115 da 230, ka tura shi 230 ka duba fis, domin sau da yawa girman fis ɗin ma na canjawa. In 120 kawai aka rubuta, sai da taransifoma mai sauke wuta, ita kuma ta wat 1000 ta fi amfilifayan nauyi sau da yawa, ka ga amfanin ƙanƙantar ya tafi. Wasu ana iya juya su daga ciki, amma wannan aikin mai gyara ne, manyan kafasitocin ciki na riƙe wuta bayan an zare filogi. Cusa mai 120 a soket ɗinmu ƙara ɗaya ce da ɗan hayaƙi.

Janareta kuma: ƙaramin nan da ake zuba wa fetur gauraye da baƙin mai, ka nisanta kayanka da shi, wutarsa hawa da sauka take yi. A nemi mai na'urar daidaita wuta a jiki, kuma kada a haɗa layinka da na firiji ko injin sanyaya ɗaki. Lokacin da ya fi hatsari shi ne sa'ar da ake tayar da inji ko ake juyawa daga NEPA zuwa janareta. Ka kashe, ka zare, ka bari inji ya zauna da gindinsa minti ɗaya, sannan ka mayar. Wurin kunnawa amfilifaya ne na ƙarshe, wurin kashewa shi ne na farko.

Kafin ka biya kuɗin akwati na hannu ka je da mitar awon wuta da batir mai bolt 9. Ka auna bakin akwatin a ma'aunin om: mai om 8 zai nuna 5 da rabi zuwa 6 da rabi, mai om 4 zai nuna kusan 3. Ba lalacewa ba ce, haka suke nunawa. In takardar baya ta ce 8 mita ta nuna 3, an canja sifikar. Ka ɗora yatsu kewaye da tsakiyar kwali ka tura a hankali daidai wa daida. In ka ji ƙarar gogayya kamar yashi a ciki, koyil ya taɓa ƙonewa ko an yi masa naɗin da bai zauna ba. Ka sunsuna ramin iska, ƙaurin koyil ba ya ɓuya. Batir kuma ka ɗan taɓa shi a wayoyin: kan mai alamar tarawa a kan jar waya, kwali ya yunƙuro waje. Akwatuna biyun dole su yunƙura gefe guda. In ɗaya na fita ɗaya na shiga, za ka haɗa biyu ka ji bes ya ragu maimakon ya ƙaru, ka yi ta zargin amfilifaya.

Wayar da ke tsakanin amfilifaya da akwati ba wayar jita ba ce, ko da bakinsu ya zo ɗaya. Ta jita silin cikinta siriri ne, za ta yi zafi ta narke ta haɗe. Ka sami waya mai jijiya biyu, kauri murabba'in milimita 1.5 ko 2.5, gajeruwa, da kan Speakon mai murɗawa ya kulle. Yawancin 'yan aji D duka jijiyoyin biyu na ɗauke da wuta, don haka kada ɗaya ta taɓa jikin ƙarfe. Lokacin hunturu kuma ka riƙa hure ƙurar fanka da ramukan iska.

Tsohon Injiniya:

Maganar kafinta: zai yiwu, amma akwatin bes ba akwatin lefe ba ne da za a auna da ido. Girman ciki da tsawon bututun iska daga takardar bayanan sifikar ake lissafa su, kuma kamfanoni irin su Eminence na fitar da zanen akwatin da ya dace da sifikunsu. Inci 12 galibi na son lita 40 zuwa 55. A yi shi da filawud mai kauri milimita 15, ko 12 in za a sa katakan tokare a ciki daga gaba zuwa baya da gefe zuwa gefe. Kada a yi da katakon garin nan da ake matsewa, ga nauyi ga shan ruwa. Gam a kowace gaɓa, kada iska ta sami wata kafa sai ramin da aka yi mata, a manna soso ko audugar matashi a bangon ciki ba tare da toshe bututun ba. Bututu in ya yi ƙanƙanta za ka ji yana huci a kan ƙananan sautuka. Sifikar kuma ta jitar bes ko ta taro za a saya, ba ta but ɗin mota ba; ta mota na cin wat da yawa ta ba da ƙara kaɗan, kuma tsakiyar sauti ba ta fita. Duk lambar da aka rubuta wa PMPO ka ɗauke ta ado, lambar wat ta RMS za ka duba, ita ce ke nuna ainihin ƙarfi.

A wurin aiki ka ɗora akwatunan ɗaya kan ɗaya a tsaye, na sama ya kusanto kunnenka. Masu cewa ba sa jin kansu galibi akwatin na kaɗa wa gwiwoyinsu ne, su ƙara murya, mutanen gaba su sha wahala. Ka matsa da shi dab da bango, bango zai ƙara maka bes kyauta, kusurwa ta fi haka har takan yi yawa. Tazarar mita ɗaya daga bango ita ce mugun wuri: sautin da ya dawo yana kashe wanda ke fita a wajen Hz 85, daidai inda naman bes yake. Dandamalin katako mai rami a ƙasa kuwa yakan yi ruri, sai ka ɗora akwatin a kan kujera mai ƙarfi ko kauri na roba.

Wurin saiti ka fara da duk maɓallan gyaran sauti a tsakiya. Ka ɗaga maɓallin ƙarfin shigarwa kana dukan tsirkiya da ƙarfin da za ka yi a waƙa har jar fitila ta fara ƙyaftawa, ka ɗan rage, sannan ka buɗe na fitarwa. In ganguna sun danne ka, kada hannunka ya tafi kan maɓallin bes: ƙarin desibel 6 a can na neman wat ninki huɗu daga amfilifaya. Ka ƙara tsakiya, tsakanin Hz 400 da 800, ka ɗan rage ƙasa. Kuma ka roƙi mai kibod ya ɗauke hannunsa na hagu daga ƙananan maɓallai in kana kaɗawa, don ku biyun wuri ɗaya kuke takawa.