Bulo ko ƙasa? Muna son tada ɗakunan da damina ta rusa a ƙauyenmu amma kuɗin ba yawa

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gini. Ƙauyenmu a ƙasar Auyo yake a Jigawa, duk wanda ya san yankin ya san abin da ruwa ya mana a 2022, to tun daga nan kusan kowace damina sai an samu ɗakin da ya zube, wani ma ba ambaliya ba, ruwan sama ne kawai na kwana biyu a jere sai ka ji katanga ta kwanta. Mu 'yan garin da ke zaune Kano da Kaduna da Legas muna da ƙungiya, mun yi karo-karo mun haɗa miliyan huɗu da 'yan kai, niyyarmu a tada wa mutane ɗakuna kafin ruwa ya sauka. Gidaje 19 muka lissafa da har yanzu akwai masu kwana ƙarƙashin tamfol ko raɓe a gidan dangi.

Matsalar mun rabu biyu. Wasu sun ce a yi na bulo ko da ɗaki huɗu ne a huta, wasu sun ce a yi na ƙasa kowa ya samu. Wani kuma ya ce mu nemi rancen gida na gwamnati. Mitin ɗin jiya har sha ɗayan dare ba a tsayar da komai ba wlh. Ya kuke gani?

Tsohon Birkila:
Wa alaikumus salam. Yaro ni shekarata talatin da wani abu ina gini, na fara da tubali wajen mahaifina kafin in koma bulo, to bari in gaya maka abin da idona ya gani. Yawancin ɗakin ƙasa da ya faɗi ka je ka duba, daga gindi ya ci. Ruwa ya kwanta a jikin bango, ƙasa ta sha ta yi laushi, nauyin sama ya danne ta. Saboda haka kuɗinku ku zuba shi a wuri biyu, fandisho da rufi. A haƙa fandisho, a hau da bulo ko dutse layi uku zuwa huɗu sama da ƙasa, a cika ciki, a shimfiɗa leda mai kauri a kan layin ƙarshe don kar damshi ya hau, daga nan a ɗora ƙasa har sama. Kwano kuma a bar masa baki ya fito kamar ƙafa biyu daga bango, ba irin wanda kafinta ke yankewa daidai da bango don a rage katako ba, ruwa na zuba yana wanke yaɓe.

Abu ɗaya da nake roƙonku, kar ku yi wa bangon ƙasa filastar siminti kai tsaye. Mutane na so don ya yi kama da na birni, amma siminti da ƙasa ba sa kama juna, shekara biyu sai ya tsage ruwa ya shiga baya ya rasa hanyar fita, kana ganin bango fes alhali ciki ya ruɓe. Iyayenmu makuba suke yi da ɓawon ɗorawa, masu hali kuma laso da katsi na marina, kuma duk shekara kafin damina a sake yaɓe a gyara indararo. Wannan gyaran na shekara-shekara shi aka daina, shi ya sa ake zagin ƙasa.

Ƙasar fadama kuma laka ta mata yawa, in ba a sa yashi da ramno, wato busasshiyar ciyawa, an tattake ta kwana biyu ba tsagewa za ta yi. Yanzu ne lokacin buga tubali, rani.

Abu Hanifa 77:
Zancen rancen gwamnati ni dai ina ganin ku cire shi daga lissafi. Ni ma'aikaci ne ana cire min 2.5% na albashi duk wata zuwa asusun gidaje na ƙasa wato NHF, dokar tun 1992 take, bankin bada rancen gidaje na tarayya, FMBN, ke riƙe da shi, ruwan rancen kashi 6 ne kuma ana iya biya har shekara 30. A takarda abin sha'awa. Amma sai kana zuba kuɗi a asusun, sai ka nuna shigar kuɗi na wata-wata, sai takardar mallakar fili da banki zai yarda da ita. Manomin da gidansa gadon kakansa ne, shaidarsa dagaci da maƙwabta, ina zai samo wannan? Ga kuma da yawa ko an ba su ba za su karɓa ba saboda kuɗin ruwa.

Inda takarda za ta muku amfani shi ne in za ku tashi wasu daga kwari ku maida su tudu. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bada shaidar mallaka a filin karkara, to ku bi ta mai unguwa da dagaci da hakimi a rubuta, kar sai an gama gini wani ya fito ya ce gonar babansa ce.

Ba'adare:
Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Ni daga jihar Tawa ta Nijar nike. Wurinmu abin da ya fi ci ma mutane tuwo a ƙwarya itacen rufi ne, giginya ta ƙare, azara ta yi tsada, wadda anka samu kuma gara ta cinye. Shi ya sa anka kawo ginin da ba itace ko ɗaya, an fara shi a Cikal kusa da Filinge a 1980, dabara ce ta mutanen Nuba na kudancin Masar, da ƙananan bulon ƙasa ake lanƙwasa rufin ya zama ƙubba ko baka, ba katako ba kwano ba rodi. Ƙungiyar Development Workshop ta koyar da magina da yawa. Ɗakin sanyi gare shi da bazara, ba kamar kwano da ka gasa mutum ba. In kun zo Dandaji ku ga masallacin da anka gama 2018 da bulon ƙasa na matsi, aikin mai zanen gine-gine Mariam Kamara, tsohon masallacin kuma anka maida shi ɗakin karatu. Ga masallacin Yama da Falke Barmu ya gina, har kyautar gine-gine ta Aga Khan ya ci 1986.

Amma gaskiya ɗaya, wurinmu ruwa bai kai naku ba kuma ba mu cikin fadama. Rufin ƙasa nauyi gare shi, in gindin bango ya jiƙe haɗari ne babba, kuma sai magini wanda ya koya sosai. Kar ku gani a hoto ku ce ma birkilan gari ya gwada.

Maman Ummi:
Ni ba magina ba ce amma duk maza kuna ta zancen bango ba wanda ya tambayi wa za a fara ba wa. A garinmu an taɓa yin irin wannan, kayan suka zo aka damƙa wa masu gida maza, wani ya sayar da kwanonsa ranar kasuwa ya ƙara aure, matar da mijinta ya rasu da marayu biyar ita ba ta cikin lissafi wai ba ta da gida, gidan na 'yan uwan miji ne. Dan Allah Ɗan Fadama kar ku ba kowa kuɗi a hannu, ku sayi kaya ku biya magini da kanku. Kuma ku sa mata biyu ko uku cikin masu zaɓe, su suka san ɗakin da ake tara kwanuka in ana ruwa. Sannan masu ƙarfi su biya ko rabi ne bayan kaka, da buhun shinkafa ko gero ma ya yi, kamar adashe, baɗi a yi wa wasu. Zawarawa da tsofaffi kawai za a yi wa kyauta.

Sadiq KD:
Ni fa ban yarda ba. Mu daina yaudarar kai, duk mai yabon ginin ƙasa a nan gidan bulo yake kwana. Saurayi ya gina ɗakin ƙasa iyayen yarinya su ce bai shirya ba. Me ya sa talaka kullum shi za a ce ya yi haƙuri da ƙasa? Akwai injin matse bulon ƙasa da hukumar binciken gini da hanyoyi ta NBRRI ke ƙerawa, siminti kaɗan ake sawa kamar kashi 5 zuwa 8, ya fito ja mai kyau ko filasta ba ya so, ku sayi ɗaya ya zama na ƙungiya matasa ma su samu sana'a.

Tsohon Birkila:
Sadiq maganarka akwai gaskiya, na yi aiki da irin bulon kuma yana da kyau. Amma jar ƙasa yake so mai tsakuwa-tsakuwa, in sai tifa ta ɗauko daga nesa ribar ta tafi a kuɗin mota, sannan sai an rufe shi ana ba shi ruwa sati biyu zuwa uku kafin a hau da shi. Su kuma ruwa suke tsere wa. Kuma ɗakin da nake kwana a garinmu na ƙasa ne ɗana, babana ya gina, haƙuri ba ni aka ba wa ba.

Ɗan Fadama:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na tura duka a guruf ɗinmu. Baba birkila abin da muke tunani yanzu ƙungiya ta ɗauki bulon fandisho da kwano da katako da kuɗin magini, masu gida su buga tubali a yi gayya ranar ɗora bango. Hajiya maganarki ta sa mun sake duba lissafin, ashe akwai mata uku da ba mu sa ba, sun zama 22. Baba dan Allah ɗaki mai ƙafa 12 da 12 bulo nawa zai ci a layi huɗu, kuma bandir ɗaya na kwano zai rufe ɗaki nawa in an bar bakin nan da ka ce? Ranar Asabar zan je gida in auna.