Yaya ake gane kukuri na soja na asali?

Ɗan Fage: Jama'a, an kawo wata lanƙwasasshiyar wuƙa, wai tsarabar yaƙin Bama ce. Ta yaya za a tabbatar?

Maƙerin Tudu: Kukuri ke nan, wuƙar mutanen Nepal, wadda suke sara da yanka da ita tun kafin Birtaniya ta fara ɗaukar Gurkha, wato mayaƙan Nepal, aikin soja a zamanin yaƙinta da Nepal na 1814 zuwa 1816. Fara duba ƙota. A samfurin soja na 1903 ƙarfen ya shige cikin itace, an ɗaure shi a gindi. Na 1915 kuwa ƙarfen ya bi faɗin ƙotar gaba ɗaya, itace biyu gefe da gefe, an haɗa su da ƙusoshi. Na 1943 ma haka yake, sai dai aikinsa bai kai laushi ba saboda gaggawar yaƙi.

Malam Na Gwale: Ƙari a kan bayanin Maƙeri, nemi tambari kusa da ƙota: kan kibiya na gwamnatin Birtaniya, shekara, da haruffan masana'anta. Idan ka ga kan zaki na tagulla a gindi da ƙyalli kamar madubi, ta 'yan yawon buɗe ido ce. Zancen Bama ba abin mamaki ba ne, sojojinmu sun yi yaƙi tare da Gurkha a can a 1944.

Maƙerin Tudu: Don Allah kada ka kai ta injin wasa wuƙa, zai cinye tambarin. Man keken ɗinki da tsumma sun isa. Kuma a ajiye ta waje da kube, domin fata na riƙe danshi.