Bashi tsakanin 'yan'uwa a ikilisiya: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Mai sayar da hatsi, Sabon Tasha

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Ina so in ji daga bakin waɗanda abin ya taɓa shafa. Masara da wake nake sayarwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin ɗauko buhu daga Saminaka ya cinye kusan duk ribar. A cikin wannan hali wata 'yar'uwa da muke Zumuntar Mata tare ta karɓi buhun masara da rabin buhun wake, za ta fara tuwon sayarwa, ta ce sai ƙarshen wata. Shekara ta zagayo, ko sisi. A sujada layinmu ɗaya, ankonmu ɗaya, amma da zarar fasto ya ce a gaisa da na kusa, sai ta sunkuya tana gyara takalmi. Ranar jibin Ubangiji da ta wuce na kasa tashi in karɓa, domin na san abin da ke zuciyata. Maigida ya ce in kai ta gaban dattawa, mahaifiyata ta ce in bar wa Allah. Kuma jarina ne. Ku da kuka ga irin wannan, yaya kuka yi?

Tela, Narayi

Mama, sannu da haƙuri. Ni a ɗaya gefen na taɓa zama, bari in faɗa miki abin da ke cikin wancan sunkuyon. Farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, haihuwar matata ta zo da tiyata. Wani dikin na cocinmu ya ranta mini dubu 150 a daren. Ɗinki ya tsaya cak, mutane na neman na abinci, wa zai yi sabon kaya? Na koma sujadar sassafe don kada mu haɗu, daga baya na daina zuwa gaba ɗaya. In waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Ba niyyar cinyewa nake da ita ba, kunya ce, kuma kullum sai ƙaruwa take.

Wata Asabar sai ga shi a shagona. Bai shigo ba, ya tsaya daga bakin ƙofa cikin rana. Na ce Baba shigo mana, raina yana kan keken ɗinkina, na ɗauka shi ya zo ɗauka. Ya ce a'a, Maimaitawar Shari'a sura 24 ta hana mai bin bashi shiga gidan wanda yake bi don ɗaukar jingina, ta kuma hana a karɓe wa mutum dutsen niƙansa. Ya ce, "Benci ɗaya na gani babu kowa, shi ya kawo ni." Muka zauna a kan dakali. Na ɗinka wa yaransa kayan makaranta aka cire daga ciki, sauran ina kai masa dubu 5 duk mako, yana rubutawa a bayan wani tsohon kalanda, har ya ƙare. Mama, ki je ki same ta ke kaɗai, wataƙila ita ma jira take.

Malamar makaranta, Barnawa

Ni dai tun da aka yi mini sau ɗaya, ba na ba da rancen abin da ba zan iya yafewa ba. Luka 6:35 ta ce mu ba da rance ba tare da sa ran a mayar mana ba, to ina bayarwa daidai ƙarfina, in manta. Amma na Mama daban ne, haja ce, da ita take ciyar da gida. Kada a matsa mata da maganar yafiya.

Dattijon ikilisiya, Kakuri

'Yata malama, kin yi gaskiya. Na daɗe a majalisar dattawa, tun shekarun da masaƙun Kakuri suka riƙa rufewa, daga 2002 zuwa 2007, magidanta suka wayi gari ba albashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, a lokacin kuwa rabin zaman majalisa na bashi ne.

Abin da na gani shi ne, Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa hanya: ka je kai kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya. Mutanenmu sukan tsallake na farkon. Maganar za ta zaga unguwa, ta shiga roƙon addu'a a kaikaice, wanda ake bi shi ne na ƙarshen ji. In ta iso gabanmu ta riga ta ruɓe.

Amma masu cin bashi ma su ji. Akwai masu ɗaukar "ai mu 'yan'uwa ne" su mai da ita garkuwa, in ka tambayi haƙƙinka su ce ba ka da ƙauna. Zabura 37:21 ta kira mai cin bashi ya ƙi biya mugu, ba ta sassauta ba. Na taɓa tare wani a ƙofar majami'a ranar godiyar kaka, yana jan ƙaton bunsuru zai kai gaba da rawa, alhali wata gwauruwa tana binsa kuɗin itace. Na ja shi gefe na karanta masa Matiyu 5:23-24, a bar baiko a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Ya yi fushi da ni ƙwarai. Bunsurun dai aka sayar ranar Litinin aka biya ta. Tun daga nan duk rancen da ya zo ta hannunmu sai an rubuta a littafin sakatare, da ranar biya da shaidu.

Mai Keke Napep, Ungwan Romi

Baba, nawa bai ƙare da kyau ba. Abokina a ƙungiyar mawaƙa ya ci bashi a irin manhajojin nan na waya, ya sa lambata a matsayin mai tsaya masa. Da ya kasa biya suka dinga kirana dare da rana, suka tura wa mutanen da ke wayarsa saƙo cewa mu ɓarayi ne, har surukata ta gani. Na biya da kuɗin da nake tarawa na balas ɗin keke. Shi kuwa ya koma wata coci a Kamazou, har makirufo suka ba shi. Ina karanta Addu'ar Ubangiji, in na zo wurin gafara sai muryata ta yi ƙasa. Ban iya ba tukuna, ku sa ni a addu'a.

Gwauruwa, Gonin Gora

Ɗana, Ubangiji ya sanyaya maka zuciya, ba dare ɗaya ake yi ba. Lokacin da masu garkuwa suka ɗauke maigidana, na ci bashin kuɗin fansa a hannun mutum uku, na kuma kwashe adashen Zumunta. Ya dawo da ciwo, bai daɗe ba ya tafi gida. Bayan makoki ɗaya daga cikin masu bina ta fara aiko yaro. Ban ga laifinta ba, ita ma marayu take riƙo. Shugabar Zumuntarmu ta tara mata ranar Alhamis, ta karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon, inda ya ce in Unisimas na da bashi a ɗora a kansa. Nan take mata suka raba bashin nan a tsakaninsu, mai dubu 2, mai dubu 10, wata ta kawo mudun gyaɗa. Na adashen kuma ni nake biya da kuɗin ƙosai, saura zubi huɗu.