Ƙwan kunkurun teku: a ɗiba ko a bar wa rairayi?

Kawu: Assalamu alaikum. Jiya a bakin ruwan Tema masuncin da nake sayen kifi a hannunsa ya nuna min tarunsa, kunkurun teku ya faɗa ciki ya yayyaga shi. Dole ya sake shi saboda doka, kuma kuɗin gyara daga aljihunsa zai fito. Ni dai a ganina dokar nan da ta hana taɓa kunkuru da ƙwansa a Ghana tun 1971 talaka kaɗai take matsa wa. Uwa ɗaya tana zuba ƙwai wajen 100 a rami guda. In an ɗebi kaɗan aka ci, me zai ragu?

Auta: Wa alaikumus salam, Kawu. Ɗarin nan da ka ƙirga, masana sun kiyasta cewa a cikin 'ya'ya dubu da suka ƙyanƙyashe, da ƙyar ɗaya ke kai girma. A watan Disamba na kwana a gaɓar tekun garin Ada a Ghana, na ga wata uwa ta fito cikin dare tana jan ciki. Ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, a hankali, kamar mai kwasar tuwo, ta zuba ƙwai masu laushin ɓawo, ta rufe, ta daddaɓe wurin, ta koma ruwa ba waiwaye. Kusan wata biyu ƙwan zai yi a ƙasa ba mai tsaro. Karnuka su tono, aladu su tono, waɗanda suka fito kuma tsuntsaye da kaguwa na jiransu. Wasu ma hasken lantarkin gidaje ke ruɗarsu, su bar teku a baya su nufi gari.

Yaya: Auta, kada ki yi saurin ture maganar Kawu. A ƙauyen Ostional na ƙasar Kosta Rika, tun 1987 doka ta ba mutanen gari izinin kwasar ƙwai a awa 36 na farkon fitowar kunkuru, su sayar. Su ne kuma ke share gaɓar, suke gadinta. Wanda ke cin moriyar abu ai ba ya bari ya lalace.

Auta: Yaya, can daban ne. A Ostional dubban uwaye ke fitowa tare cikin 'yan kwanaki, har na baya su tone ramin na gaba su farfasa ƙwan. Abin da ake kwasa, yawancinsa da ma asara zai zama. A Ada ɗaya-ɗaya suke zuwa, kowane rami yana da damar ƙyanƙyashewa in an bar shi.

Yaya: Wannan kam na yarda, ban yi la'akari da shi ba. Amma gefe ɗaya na nan: a sa mutanen gari a ciki, a biya su.

Kawu: Allah ya gafarta Malam, ba halal ba ne?

Malam: A mazhabarmu ta Malikiyya dabbar ruwa halal ce, ko da tana iya daɗewa a tudu. Sai dai halaccin abu bai ba mu lasisin ƙarar da shi ba. Allah ya hana ɓarna a bayan ƙasa, kuma shugaba na iya taƙaita halal saboda maslaha. Ni uwar ta fi damuna. Wani nau'in sai ya shekara 20 ko fiye kafin ya fara ƙwai, kuma yankin da aka ƙyanƙyashe ta nan take komawa ta zuba nata. Wanda ya kife ta a rairayi ya yanka, ya yanke ƙwan shekaru masu yawa.

Gwaggo: Mutanen Ada tun kakanninsu ba sa cin kunkurun teku, al'adarsu ta hana. Mu kuma da muke ganin ba ruwanmu, ina ledar fiyawata da muke jefawa a kwata take zuwa? Babban kunkurun tekun nan mai bayan fata abincinsa wata halitta ce mai laushi da ke yawo a ruwa, leda kuma kamarta ɗaya. Haɗiye ta yake yi, ta toshe masa hanji.

Kawu: Na janye maganar ƙwai, Auta ta gamsar da ni. Ta taru ce ban janye ba. Manyan jiragen da ke jan koma a ƙasan teku suna nutsar da kunkuru, don numfashin iska yake yi, in ya daɗe a cikin koma sai ya mutu. Akwai ƙarfen da ake sa wa komar mai ƙofar da zai fice, Amurka ma ta sa shi sharaɗi ga masu kai mata jatan lande. A bi su da wannan tukuna. Shi kuwa mai ƙaramin kwale-kwale da ya yanke tarunsa da hannunsa don kunkuru ya tsira, wa zai saya masa zare?

Auta: A nan muna tare, Kawu. Ranar Asabar zan shigo Tema, ka kai ni wurinsa in ga tarun, mu ji nawa gyaran zai ci.